Hanne Ba Ta Dangwala Ba

Daren Laraba, Yankara

Barci ya ƙi zuwa. A binciken nan namu ƙuri'a muka jefa tsakanin ƙauyuka, inda ta faɗa muka koya wa ungozomomi sabuwar hanyar karɓar haihuwa. Su kaɗai suka dangwala yatsa a takardar amincewa, wai su ake bincike a kansu.

Yau na je gaisuwar Hanne, wadda ta rasu wajen haihuwa a hannun ɗaya daga cikin ungozomomin da muka koya wa. Mahaifiyarta ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ashe gwaji kuke yi? Ita an tambaye ta?"

Na ce, "Inna, sai haƙuri."

Wataƙila kwananta ne ya ƙare. Amma tun magariba nake birkita takardu. Yatsan kowa na nan, ban da na wadda aka gwada abin a jikinta.