Akori-kurata Ta Rage Shan Mai, Ta Kuma Daina Shiga Ƙauye

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Kanikawan Garejin Bakin Kwalta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata Alhaji yana lafiya, da iyali, da duk bayin Allahn da ke kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane don neman halal.

Sunana Ɗanladi mai akori-kura, daga wani ƙauye a ƙasar Makoda wanda ko na faɗi sunansa ba za ka gane ba, tunda kwalta ba ta taɓa zuwa gaishe mu ba. Na rubuto ne in yaba wa ɗaya daga cikin mutanenka, Sabo, wanda kuke kira Injiniya. A zamanin nan da cika alkawari ya yi wuya, shi ya cika nasa. Ya ce in ya taɓa motata za ta rage shan mai, kuma wallahi ta rage. Akwai satin da take kwana huɗu a gindin darbejiya, kaji na kiwo a ƙarƙashinta, ko cokali ɗaya ba ta sha ba. Gwaninta irin wannan bai kamata a bar ta a ɓoye ba, shi ya sa na ce a karanta takardar nan a bainar jama'a.

Na ɗaya, ga yadda aka yi. Shekara goma sha tara ina aiki ɗaya. Ran kasuwa in bi ƙauyuka shida in kwashi mutane da buhunansu zuwa Ɗambatta. Da rani in ɗebo taki daga birni in kai gonaki. Da kaka in fito da damman gero da dawa da buhunan gyaɗa. Hanyoyinmu kuwa burtali ne, gona na jingine da gona, shingen aguwa dama da hagu, rairayi har idon sawu. Tun da aka cire tallafin mai, duk direban da ka gani yana magana shi kaɗai a gidan mai, kada ka ce aljanu ne. Ina cikin wannan hali na ji wani direban bas a wajen mai shayi yana cika baki, wai an canza masa haƙoran aksul, yanzu motarsa sansanar mai kawai take yi. Bayan ƙaramar Sallah da sati biyu na kawo tawa garejinku.

Sabo ya tsuguna ya zana min a ƙasa da bakin sifana. Ya ce a cikin tulun nan na aksul ɗin baya akwai faifan ƙarfe mai haƙora, da wani ƙarami da ke juya shi. Da nawa, sai farfela, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyin inji baya, ta juya sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta zaga sau ɗaya. Zai sa min wanda sau uku da ɗoriya ya isa, inji ya huta, mai ya ragu. Na yi firamare har na leƙa sakandare, na san uku ba ta kai huɗu ba. Na ce bismilla. Abin da bai zana min ba shi ne, wannan juyi ɗayan da za a cire, a cikinsa ƙarfin ja yake.

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi nawa laifin kafin Sabo ya riga ni. Kafin in shigo birni sai da na wanke motar nan tas, har da omo, don kada a ji warin taki a ce baƙauye ya zo a tsuga min kuɗi. Na sa shaddata ta Sallah. Da Sabo ya dube ni ya ce, Alhaji ai kwalta kake bi ko, ni da ban taɓa wuce Zariya ba aka kira Alhaji, sai na ji bakina ya ce kwalta mana, Kano zuwa Kazaure. Wannan ƙarya tawa ce, na ɗauka.

Amma Alhaji, mutumin nan rabin yini ya yi a ƙarƙashin motar. Ya ga ganyen sipirin uku da na ƙara a kowane gefe don ta jure nauyin kaya. Ya ga inda kututture ya lotsa mata ciki. Rairayi ya zubo masa a fuska har ya yi tsaki, ina tsaye. Bakaniken da ya ga wannan duka ya kuma yarda cewa mai ita katifa kawai yake kaiwa Kazaure, ko dai bai iya aikinsa ba, ko ya iya fiye da kima. Gwajin ma a kan kwalta muka yi shi, ni da shi, baya wayam. Ta tafi sumul kamar an shafa mata man shanu.

Da aka zo ciniki na yi masa irin ta kasuwar hatsi, na gyara hula na juya kamar zan tafi. Ya kira ni ya ce to, in bar masa tsohon ƙarfen ya rage min kuɗin aiki. Na bar masa. Har na kai gida ina dariya, wai na yi wa ɗan birni wayo.

Na uku, ranar da na fara ɗora mata taki. A kwalta lafiya lau. Muna sauka burtali na sa giya lamba ɗaya, inda da take nishi ta wuce, sai ta yi tari biyu ta mutu. Na tayar, na riƙe kuloci rabi da rabi, ƙauri ya tashi kamar an bar tuwo a wuta. Ranar nan da shebur na sauke rabin takin a bakin gonar da ba ta mai takin ba. Daga nan kullum haka. Man da ta rage min a kwalta sai ta rama shi a rairayi har da riba, faifan kuloci kuma tuni na canza ɗaya.

Ran kasuwa ya fi muni. Duk inda yashi ya yi zurfi sai kowa ya sauko, maza su tura, mata su ɗauki ƙwaryarsu su bi gefe. Inna Tabawa mai daddawa, wadda tun ina sabon direba take hawa motata, ta ce min a gaban mutane, Ɗanladi, mu muke biyanka ka kai mu, ko kai za ka biya mu mu kai ka? Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Kasuwa uku a jere muna isa bayan dillalai sun gama yanka farashi. Mai buhu biyu da ya dogara da su ba zai jira ni in gama koyon darasi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka daina tsayuwa a bakin hanya.

Na huɗu ba na kanikanci ba ne, amma ka yi haƙuri ka karanta. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, damina uku ke nan da rasuwa. 'Ya'ya mata suna gidajensu, namijin yana kudu, sai waya. Gida in na shiga ba mai cewa sannu da zuwa. Motar nan ita ce zaurena. A bayanta ake gulmar ƙauye shida, a nan nake jin wa ya haihu, wa ya sayar da sa, gonar wa gauraka suka sauka. A kujerar gaba kuwa akwai Malam Haladu, mai awon hatsi ne a kasuwa, ya haura saba'in. Shekara goma sha tara wurin nan nasa ne. Shi zai fasa goro ya ba ni rabi, mu kama musu a kan ruwan bana, ko siyasa, ko wanda ya fi wani iya noma a cikin iyayenmu da suka daɗe a ƙasa. Ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ba mu kuma taɓa fashi ba.

Shi ya fi kowa daɗewa. Da gwiwoyin nan nasa yake sauka ya kama ƙofa yana turawa, yana cewa taka mana, ai ta kusa. Wata safiya na tsaya a ƙofar gidansa na yi hon, iyalinsa ta amsa daga soro ta ce Malam ya riga ya wuce. Ban tambayi da wa ba. Na je Ɗambatta na dawo, goron da na saya yana aljihu ban fasa ba, don ban saba cin guda ni kaɗai ba.

Na biyar. Na koma wajen Sabo sau uku in karɓi ƙarfena, in biya abin da ya rage min har da ƙari. Ya ce ai al'adar gareji ce, ƙarfen da aka bari na gareji ne, kuma ya riga ya fita. Wa ya saya, wai bai riƙe fuska ba. Na zaga wajen masu kayan gyara, irin motata ta tsufa, nata ya yi wuya. Ɗaya aka kawo min, haƙora biyu a guntule, mai shi yana rantsuwa wai haka kamfani ya yi shi.

Makon jiya na kafe a burtalin da ke bayan makarantar allon garinmu, da buhu goma kacal na takin zamani. Rana tsaka, ba kowa. Sai ga Isyaku, wani yaron garinmu, ya taho daga gaba. A da acaɓa yake yi, bara ya sayi akori-kura irin tawa sak. Motarsa cike da mutanena, Inna Tabawa a saman buhu. Ya juya a bakin wata gona, ya ɗaura min igiya, ko mutum ɗaya bai sauke ba, ya fizge ni kamar an cire ƙaya. Yana kwance igiyar yana murmushi ya ce, Baba Ɗanladi, ka ga aikin aksul ɗin da na samu a birni, Injiniya ya ce na wani Alhaji ne mai bin kwalta, ba ya bukatarsa.

Malam Haladu yana kujerar gaba. Da farko ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙyar, ya zo ya miƙo min rabin goro ta taga, ya koma ya zauna. Suka wuce.

Ba na ƙullatar Isyaku, da kuɗinsa ya saya. Ba na ƙullatar Malam, kasuwa ba ta jiran abota. Garin neman gira na rasa ido, na sani. Amma Sabo da ya ce bai riƙe fuska ba, ya riƙe labarin Alhaji mai bin kwalta har yana tallar kaya da shi.

Don haka ga abin da nake roƙo. Gero ya fitar da kai, kaka ta ƙarato. In ta same ni a haka, manoman da suka rage min za su kira wani, kuma wanda ya fito maka da amfanin gona bana shi za ka kira baɗi. Ina roƙon ka sa Sabo, da duk wanda ke jin maganarka, su nemo min haƙoran aksul irin nawa na da, masu lafiya, kafin a fara yankan gero. Zan saya, ba kyauta na ce ba, kuma wannan karon ba zan gyara hula ba.

Sannan ku sa doka, duk wanda zai yi wa motar kaya wannan aiki ya gwada ta da lodi, a kan irin hanyar da take bi, ba hanyar da mai ita ya ce tana bi ba. Mu direbobin ƙauye in mun shigo birni ƙarya muke yi, ku ma kun sani. Ƙarfen da aka cire kuma a ajiye shi ko wata ɗaya ne kafin a sayar, don mai wayo irina ya samu damar dawowa ya ce ya tuba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya tsare hannuwanku daga faɗowar jak, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Sabo ma Allah ya ƙara masa basira, ta tambaya kafin ta kwancewa.

Wassalam. Sai dai tunda ku ne masana lissafin mai, ga wata 'yar matsala ku taya ni. Yanzu in la'asar ta yi gidan ya yi min faɗi, nakan tayar da ita ba kaya ba fasinja, in lallaɓa in hau kwalta, in je har kusa da Kazaure in juyo, don kawai in ga mutane a bakin hanya. Tana tafiya sumul, yadda Injiniya ya yi alkawari. Shin wannan man da nake ƙonawa, a cikin wanda aka rage min za a sa shi, ko a ina?