Barewar Cikin Malafar Baba

Laraba, 2 ga Afrilu, 2025

Sama'ilu mai wankin hula ya kashe malafar Baba. Kashewa, ba ni da wata kalma. Malafar ulu ce mai kauri irin na dara, ruwan toka, da baƙin ƙyalle zagaye da ita da 'yar lotsawa a ka. Tun yana malamin gona a Watari yake saka ta, kafin a haife ni. Wannan bawan Allah ya tsoma ta a ruwan sabulu, ya ɗura mata sitati, ya kifa ta a gungumen da yake kifa zanna-bukar, ya bi ta da bugu. Ta dawo ta tsuke, bakin ya murɗe sama, kamar akushi.

Wai bai taɓa wanke irinta ba. To wa ya riƙe masa baki ya hana shi faɗa?

Alhamis, 3 ga Afrilu

Baba bai je lambu ba. Tun da aka yi masa aikin yanar ido bara ba ya iya kallon rana, malafar nan ce kawai ke fitar da shi. An kawo masa ta kaba, ya ce tana sukar masa kai kuma iska na kwashe ta. Ga albasa ta isa cira.

Sau ɗaya ya tambayi wanda ya sauke ta daga ƙusa. Babu wanda ya ce shi ne. Ƙanina Iliyasu ya bugo daga Kano ya wanke matarsa Aina'u tas, tunda ita ke gidan, ita ke kula da kayan Baba. Ta riƙe wayar tana kallona.

To, a nan dai zan rubuta. Ni na sauke ta, kwana biyu kafin Sallah, na haɗa da hulunan maigidana na kai wanki. Amma alheri na nufa. Da tana kakkaɓe ta yadda ya kamata, ai da ban ga dattin da ya dame ni ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na leƙa cikin gawar malafar. A jikin shafin ciki akwai tambarin barewa tana tsalle, duk ya koɗe. Na ɗauki hoto na tura wa Iliyasu, na ce mai Barewa zai nemo, ita kaɗai.

Litinin, 7 ga Afrilu

Iliyasu ya cika mini waya da hotuna. Wai ya zaga kasuwa babu mai Barewa, sai mai Tauraro da mai Makulli. Mai Tauraro tana sheƙi, ga araha, kowane shago akwai. Mai Makulli ulu ce ta gaske amma da tsada, kuma a cewarsa ba ta da wani kyau a ido. Ya ce ai duk malafa malafa ce, tsoho da ido ɗaya da rabi ina zai bambance.

Ubanmu yake faɗa wa haka. Na ce masa idan duk takalmi takalmi ne ya daina sayen na kanti ya koma silifa. Ya kashe waya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya yi gaban kansa ya aiko mai Tauraro a motar Bici. Baba ya karɓa, ya murza bakinta da yatsu biyu, ya sunsuna, ya ɗora a ka. Ko carbi ɗaya bai ja ba gumi ya fara zubo masa ta bayan kunne. Ya cire ya ajiye a tabarma ya ce a yi wa Iliyasu godiya. Shi ke nan. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo.

Aina'u ta kawo masa fura ya ce ya ƙoshi. Kwana shida ke nan yana ƙoshi idan ita ta kawo. Ta gaishe ni, Yaya ina wuni, har ƙasa kamar kullum. Wannan ladabin nata ya ishe ni. Ta fito ta faɗa mana, mu yi ta ta ƙare.

Alhamis, 10 ga Afrilu

'Yan ƙwadago sun cire albasa ba Baba a wurin, sun farfasa kusan kwando guda da fartanya. Da aka gaya masa bai ko ɗaga kai ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na shiga Kano da kaina, da gawar malafar a leda. Zafi kamar a bakin murhu. Shago na farko yaron ya zaro mini wata da barewa a ciki, har na fara murna. Da na sa farce sai barewar ta ɓanɓaro, liƙa ta aka yi, a ƙarƙashinta ga tauraro yana kallona. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba, ni malamar makaranta ce.

Can cikin layin 'yan gwanjo aka nuna mini wani dattijo, Alhaji Kamaruddeen, shi malafu kawai yake sayarwa. Ya juya tamu ya yi salati, ya tambayi wanda ya yi mata wannan aika-aika. Na ce mai wankin hula. Ya ce a'a, wanda ya kai masa yake nufi. Na ce wata ce a gida.

Ya ce kamfanin mai Barewa ya daɗe da daina shigo da kaya, sai dai a dace a dilar gwanjo. Yana da guda ɗaya ta hannu, asu ya ɗan taɓa bayanta. Yana da mai Makulli sabuwa. Ya ɗiga ruwa a kan kowacce, ruwan ya tsaya dunƙule bai shige ba. Ya matse kan mai Makulli ya saki ta koma daidai. Ya ce ita ce ta fi lafiya, za ta yi shekara ashirin. Na ce ni Barewa na zo saye, ko da asu ya cinye rabinta.

Sai ya tambayi girman kan mai ita. Na miƙa masa tsohuwar. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan yanzu ko kan jikansa ba za ta shiga ba. Lambar hula ma ba za ta yi ba, don hula a sama take zama, malafa kuwa sai ta sauko goshi. Ya yanko zare ya ba ni. In zagaya kan Baba da shi, saman kunne da tsakiyar goshi, in ƙulla, in dawo.

Kuɗin mota, rana, ƙishirwa, na dawo gida da zare.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Zaren yana cikin jakata. Ba zan iya tsayawa dab da fuskar Baba haka ba. Na ce Aina'u ta auna, ta ce, "Yaya, ko ruwa ba ya karɓa a hannuna." Na ji haushinta, na ji na Sama'ilu, na ji na Iliyasu, na ji na wanda ya fara ƙirƙiro malafa.

Talata, 15 ga Afrilu

Iliyasu ya ce idan ya zo Juma'a Aina'u za ta je gidansu ta huta kwana biyu. Na san irin wannan hutun.

Laraba, 16 ga Afrilu

Da hantsi na sami Baba a zaure. Na ce zan auna kansa. Ya cire hula ya sunkuyo. Ban san kan Baba ya yi furfura haka ba, ga wani layi a goshinsa inda malafar ta zauna shekara da shekaru, fatar wurin ta fi sauran haske. A kan layin na ɗora zaren. Sau uku ƙullin yana kwancewa.

Ban shirya ba, maganar fita kawai ta yi. Na ce, "Baba, ni na kai ta."

Ya ce ya sani. Sama'ilu ya zo ba shi haƙuri tun ranar, ya gaya masa komai. Na ce to me ya sa yake ƙin abincin Aina'u? Ya ce ba ƙi yake ba, kunyarta yake ji. Yarinya tana ɗauke da laifin 'yarsa, shi kuma yana zaune yana jira ya ga ranar da 'yar tasa za ta buɗe baki. Ya ce shi ma bai kyauta mata ba.

Don in sauya magana na ce na samo masa mai Barewa, irin tasa sak.

Ya ce, "Wace barewa?"

Na nuna masa cikin tsohuwar. Ya kai ta dab da idonsa mai kyau ya daɗe yana dubawa. Shekara talatin da takwas, bai taɓa sanin akwai wata dabba a ciki ba. Ya ce shi ranar da ya saya guda huɗu ya gwada, ya ɗauki wadda ta zauna masa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na koma wurin Alhaji Kamaruddeen da zaren. Mai Barewar ta fi zaren faɗi da yatsa biyu. Mai Makulli ta yi daidai, ita na ɗauko. Har yanzu ina ganin ba ta kai tsohuwar kyau ba, kuma Sama'ilu ba zai sake ganin hular gidana ba.

Iliyasu ya zo jiya, na yi masa magana a gaban matarsa, na ce ni na kai malafar wanki. Ba doguwa ba. Babu wanda ya je hutu.

Da na dawo daga Kano na tsaya a ƙofar ɗakin Aina'u na miƙa mata ledar, na ce kaina ke ciwo, ta kai wa Baba. Kaina lafiyarsa ƙalau. Daga tsakar gida na ji ya ce mata ta ƙaro fura a gora, lambu za shi.