Albarushi a Rumbun Kaneng

Abbey Wood, London

Ɗana Haggai,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Amurka, yaya Lovelyn da yara? Ƙanwarka Tina ce ke rubutawa, ni ina faɗa, tunda kai waya ba ka ɗauka.

Sai da ta karanta mini saƙonka sau biyu na gane. Wai a jiharku yanzu ba a sayar wa mutum harsashi sai an bincika sunansa a kwamfuta, kai kuma kwamfuta ta ƙi ka, don fasfonka ya ce ɗaya ga Janairu, takardar baftisma ta ce wani abu daban. To wannan aikin kawunka Godwin ne. Shi ya je kotu a Jos ya rantse maka shekaru, ko tambayata bai yi ba. Duk 'ya'yan gidan nan a Janairu ya haife su, har Tina. Ga ta nan tana dariya.

Ka ce lauyanka na son in rantse a takarda da ainihin ranar. Tina ta yi booking wajen solicitor, wato lauyan nan, a Woolwich ranar Talata. Zan je, ko da gwiwar nan. Amma wane irin nama kake harbi a can da babu shi a shago?

Allah ya tsare.
Mamarka, Kaneng

*

Mama,

Ina gaisuwa da ladabi. Ya sanyi, ya gwiwa? Tina, ki karanta mata wannan ku biyu kawai.

Mama, don Allah kada ki je ranar Talata. Wata huɗu ke nan da aka sallami Haggai daga tuƙin tirela, ya hana ni faɗa muku. Coci ya daina zuwa, abinci ba ya ci tare da mu. A gareji yake wuni yana goge bindiga, alhali shekara biyu rabonsa da farauta. Jiya ya nuna mini inda takardun gida suke, ya ce in sani, ko da ba ya nan. Na ce mu je wajen likita, ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Harsashi ne kaɗai babu a gidan nan. Ranar da suka hana shi a shago, na shiga ɗaki na gode wa Allah.

Ki yafe mini, Mama.
Surukarki, Lovelyn

*

Haggai,

Gaisuwa. Tina ta yi cancel ɗin solicitor. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, ranar ta ɓace mini. Bakwai na haifa, uku na binne. Kai ne na damina ko yayanka? Ba zan ɗora hannu a Baibul kan abin da ban tabbata ba. Ka yi haƙuri da tsohuwa. Ka riƙa cin abinci.

Mamarka

*

Mama,

Ina gaisuwa. Ke da kike tuna sunan kowace akuya da muka kiwata tun ina firamare, ranar haihuwata ce ta ɓace miki? Lovelyn ta yi miki magana, na sani.

Shekara goma sha biyar ina ƙasar nan, ɗan sanda bai taɓa tsayar da ni ba. Bindigata da takarda na same ta. Mu masu bindiga kullum abin da muke faɗa ke nan: ɓarawo ba ya bin layi a shago, mu ake tsayarwa kamar masu laifi. Aiki sun karɓe, kwamfuta ta ce ni ba ni ba ne, uwata kuma ta ce ba ta sani ba.

Ki bar shi kawai. Jihar da ke maƙwabtaka da mu tafiyar awa biyu ce a mota, can ba a tambaya. Na je jiya, na dawo.

Ki gaida Tina.
Haggai

*

Haggai ɗana,

Ina gaishe ka. Tina na kuka, na ce ta share fuska ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Ƙarya na yi maka. Lahadi ce, ranar godiyar kaka a coci, an gama yankan acha. Ina cikin rawar kai baikon godiya naƙuda ta kama ni. Kafin a kai ni gida aka sako ƙanƙara har ta kashe mana kaji biyu. Ka zo ba ka yi kuka ba, sai da ungozoma ta watsa maka ruwan sanyi. Ka ga na tuna.

Saurara in gaya maka abin da ba ka sani ba game da babanka. Matiyu maharbi ne da ake ji da shi, harba-rugarsa a rataye take a ɗakinsa, kana gani. Amma ka taɓa ganin albarushi a ɗakin? A rumbuna yake, cikin ƙaho, a ƙarƙashin acha. A wajenmu namiji ba ya leƙa rumbun mace, abin kunya ne. In zai fita daji sai ya tsaya a bakin rumbu ya ce, "Kaneng, ba ni." Ni kuma in dubi idonsa. In idon na farauta ne, in ba shi. In ya sha burkutu, ko an ɓata masa rai, sai in ce ban ga inda na sa ba.

Shekarar da aka raba gado aka ƙwace masa gonar fadama, kwana tara yana zuwa bakin rumbu, kwana tara ban ga ƙaho ba. Ya zage ni, ya zagi uwata. Ran na goma ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ya ce in ba shi kunu. Bayan nan ya yi shekara ashirin da shida a duniya, har ya ga aurenka. Wannan binciken da kake zagi, ni na yi wa babanka shi, kuma bai rage shi da komai ba.

Yanzu ga ni a flat hawa na huɗu, jirgin ƙasa nake kallo ta taga. Rumbu babu. Tina ta duba maganar biza, an ce sai wata da watanni. Idonka ba na gani, hannuna bai kai ba. Abu ɗaya ya rage mini, roƙo. Riƙe bindigarka, ban ce ka yar ba. Harsashin ka ba Lovelyn, ta ajiye inda ba ka leƙawa. In ranar farauta ta zo ka tambaye ta. Sannan ka bi ta wajen likita. Aiki ba shi ya haife ka ba, ni ce.

Ka ɗauki waya ko sau ɗaya in ji muryarka.

Mamarka, Kaneng

*

Mama,

Ina gaisuwa. Haggai ya karanta wasiƙarki a gareji. Ya daɗe a ciki, sannan ya shigo kicin ya ajiye mini kwalin harsashi ɗaya a kan tebur, ya ce, "Ga ƙahonki." Ya ci tuwo rabin faranti. Nan take na kai kwalin gidan Fasto. Maganar likita ya ce zai yi tunani.

Mama, da nake dawowa na tsinci rasit ɗin shagon a cikin mota. Kwali biyu ya saya.

Ki ci gaba da kiran wayarsa.
Lovelyn