Ɗakin Ikrama a Funtuwa

Mahjar, Jidda

Zuwa ga Yaya Mairo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addini da ta zumunci, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Allah ya yaye, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafin Jidda da ba ya jin lallashi. Maigidana Abdulghani yana nan yana fama da shagonsa a Bab Makka, Layan kuwa ta shiga aji na gaba, tana ta ɗaga mana kai kamar ita ta gina makarantar.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don na san idan na kira ki kuka zai hana ni magana. Ɗanki Ikrama ba zai zo zama Funtuwa ba. Kada ranki ya ɓaci, alheri ne ya hana shi.

Kin san damuwar da ta sa na roƙe ki ɗaki tun bara. Shekarunsa sun kai inda ba zai ci gaba da zama a kan iƙamar ubansa ba, wato takardar izinin zama: ko dai ya samu wurin aikin da zai zama kafilinsa, ko ya bar ƙasar. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi uwarsa a nan, kakarsa tana kwance a maƙabartar garin nan! Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, shahadar jami'a ake fara tambayarsa, mu kuwa ba mu samu halin kai shi ba. Har na daina tambayarsa yadda aka yi idan ya dawo, ina ganin yadda ya ajiye takalmi na san amsar.

Da muka haƙura cewa tafiya ta kama, kin tuna sharaɗin da kika kafa? Kika ce ba za ki karɓi ɗan da zai shigo gida yana wa dattawa "yalla, yalla" a tsaye ba. Na ji haushinki a ranar, ba zan ɓoye ba, amma na bi. Na hana Larabci a gidan nan, duk mai son abinci ya roƙa da Hausa. Abdulghani ya riƙa zaunar da shi a shago yana ciniki da tsofaffin da suka zo Umara. Ke kuma kika dage da shi ta wayar bidiyo kan gaisuwa, sai ya durƙusa kin gani da idonki. Da farko idan ya durƙusa kamar raƙumi yake, Layan tana dariya har da hawaye. Shi ba ya dariya, don a ganinsa shirin kora ake yi masa.

To, ana cikin haka wani kamfani mai kula da baƙi tsakanin filin jirgi da masauki ya sanar da neman ma'aikata, kuma sun cire sharaɗin shahada. Sun ce ma'aikatansu duk kusan iri ɗaya ne, alhali baƙinsu daga ko'ina suke, don haka suna son 'ya'yan unguwanni irin namu su ma su shigo. Abdulghani ya ce ƙarya ne, aikin da ba a tambayi takarda ba ƙarshensa ɗaukar kaya. Na ce masa ko ɗaukar kayan ne, ai a Jidda za a ɗauka.

Ranar da ya je, babu wanda ya nemi ganin komai. Shugabansu, wani mai suna Meshari, ya kai su wurin aikin kai tsaye, kowa aka haɗa shi da baƙo a ga yadda zai yi. Ikrama aka nuna masa wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ta rabu da ayarinsu, ta zauna a ƙasa rungume da jakarta, ta ƙi ruwa, ta ƙi kujera. Ya ce min bai ma yi tunani ba, gwiwarsa ce kawai ta tuna da ke. Ya durƙusa a gabanta, ya ce mata sannu Iya, ya tambaye ta hanya da mutanen gida, bai taɓo zancen fasfo ba sai da ta gama amsawa. Sai tsohuwa ta kama hannunsa tana tambayarsa ɗan gidan wa ne. Bayan an sada ta da mutanenta, Meshari ya tambaye shi a ina ya koyi wannan, ya ce wurin yayar mahaifiyarsa da bai taɓa gani ido da ido ba.

Sun ɗauke shi, Yaya. Iƙamarsa ta koma hannun kamfanin, halas. Na yi sujadar godiya a tsakar ɗaki, Abdulghani kuwa yanzu yana gaya wa maƙwabta dama shi ya san abin zai yiwu. Ba na raina karatu, har yanzu ina yi masa burinsa, su ma sun ce akwai horo a gaba. Amma wallahi na gode wa mutanen da suka yarda su dubi yaro kafin su dubi takarda. Ke kuwa ban san da bakin da zan gode miki ba. Kin shirya shi don ki karɓe shi, sai ga shi kin zaunar min da shi a gabana.

Na san kin yi wa ɗakin fenti, kin sa labule, har kin kori Malam da buhunan masararsa daga ciki. Na ce wa Ikrama zan rubuto miki ki ba wani ɗakin. Ya ce a'a. Wannan yaron da ko sunan Funtuwa ba ya son ji, shi ne ya ce hutunsa na farko can zai yi, da tikitin zuwa da dawowa, don akwai gaisuwar da ba ta cika ta waya. Saboda haka ki bar labulen a inda yake.

Ki gaishe min da Malam, da Hindatu da maigidanta, da Nana Aisha, da Baba Mailafiya idan ya shigo gari. Abdulghani da Layan suna gaisuwa. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Zaituna