Ɗakin da ke Saman Shagon Taya

Dewsbury, watan Oktoba

Zuwa ga yayata, Baji Tasleem,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ke da mai gidanki Bhai Liaqat da yara, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata kullum tana hannun 'yata Mehwish, maganar kuma ba ta kunnen yara ba ce.

Baji, kaina ya ɗaure. Kin san mai gidana Ishtiaq yana nan a masana'antar katifa, ni kuma ina raba abincin rana a firamare. Mu biyu muna aiki, amma kafin wata ya raba, haya da gas da harajin gida sun lashe komai. Hitar ɗumama ɗaki ba ma kunna ta sai yara sun fara tari. To akwai wani abokin aikinsa, Gary, shi ya tare shi wajen shan shayi ya ce, "Ishy, kai jaki ne, ni ma jakin ne. Ƙanwata ko filo ba ta taɓa ɗagawa ba, tallafi take ci, amma gidanta ya fi naka ɗumi." Tun ranar Ishtiaq bai sake samun natsuwa ba.

Da farko Ishtiaq cewa ya yi mu ajiye aikin gaba ɗaya mu koma kan tallafin gwamnati. Aka buga lissafi a wayar Gary, ya nuna za mu fi samu. Ɗan yayan Ishtiaq ya buga a tasa, ya nuna za mu faɗi. Na je wajen wata mata mai ba da shawara kyauta a laburare, ta ce ya danganta. Na ce da me? Ta yi ta jerowa har na manta na farkon.

Sai Gary ya zo da wata. Wai zama tare ne yake kashe mu. In ni kaɗai ce da yara, za a biya mini kaso mai yawa na haya, albashin Ishtiaq kuma ya fita daga lissafi. Tunda a masallaci kawai aka ɗaura mana aure, ba mu yi rajista ba, ofishin tallafi abu ɗaya zai tambaya: a gida ɗaya kuke zaune? Shawarar Gary ita ce Ishtiaq ya ba da adireshin wani, ya ci gaba da kwanansa a gida, wai kowa haka yake yi.

Na ce ba da ni ba, ba zan ciyar da 'ya'yana da ƙarya ba. Muka yi kwanaki daga gaisuwa sai miƙo gishiri. Sannan ni da bakina, Baji, na ce in dai dole sai an yi, to a yi da gaske, ya tashi ɗin, don in an tambaye ni in faɗi gaskiya. Na ɗauka zai ce ina, ba zai iya ba. Sai ya ce ɗan baffansa yana da ɗaki babu kowa a saman shagon tayarsa a Batley, garin da ke kusa da mu.

Ban yi ƙarya ba, kuma ba zan yi ba. To me ya sa zuciyata ta ƙi kwanciya? Ki ba ni shawara, ki kuma sa mu a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nusrat

Glasgow, watan Nuwamba

Nusi,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ruwan Glasgow ma yana nan, babu wanda ya fasa a cikinsu.

Na karanta takardarki na ba Liaqat labari, ya ce in duba ko na tsallake shafi. Tun kina ƙarama haka kike. Ke ce kika sa muka koma shago cikin ruwa ki mayar da alewa, saboda mai shago ya yi kuskure ya ba ki biyu a kuɗin ɗaya. Mutane suna ƙarya don su zauna da mazajensu, ke kin sallami naki don kada ki yi ƙarya. Ban ce ki yi ta ba, Allah ya kiyaye. Amma a cikin wayoyin nan naku akwai wadda ta lissafa tukunya biyu da hita biyu?

Shi wannan Malam Gary, a ina yake kwana? Ki tambaya mini.

Maganar wa ya fi samu kuwa, ni ma ban sani ba. Maƙwabciyata Moira ta bar aikin shara a asibiti, ta rantse mini ta fi samu. Bayan shekara ta koma aikin, ta sake rantse mini ta fi samu. Duka biyun kuma na ga alamar da gaske take.

Halal da haram ki tambayi masu ilimi, ni karatuna bai kai naki ba. Abin da na sani shi ne mijinki mutum ne mai saurin sabo da wuri. In bai tafi ba tukuna, ki ɓoye akwatin.

Ki gaida yara, ki ce wa Danyal ina sane da hular da na yi masa alkawari.

Yayarki,
Tasleem

Dewsbury, watan Fabrairu

Baji,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini shirun. Takardarki ta iso bayan ya tafi, na rasa me zan rubuta.

Na je ofishin. Matar ta tambaye ni ko muna zaune tare, na ce a'a. Ta ce kun rabu ke nan? Na ce ya tashi daga gidan. Ta dube ni da tausayi, ta turo mini kwalin tishu, ta haɗa ni da wata takarda ta ƙungiyar matan da aka bari. Kowace kalma da na faɗa gaskiya ce, amma na fito ina jin kamar in je in yi wanka.

Kuɗin sun fara shigowa, ba zan ɓoye miki ba. Gidan ya yi ɗumi, Baji. Danyal yana yawo ba safa. Na saya wa Mehwish rigar sanyi sabuwa, ba ta hannu ba. In na ga haka sai in ce Gary ya yi gaskiya. Sai kuma in tuna Ishtiaq yana biyan ɗan baffansa kuɗin ɗaki, yana cin kifi da dankali na shago kusan kullum, motarsa ta lalace ya kasa gyarawa. In na haɗa nawa da nasa sai in ga kamar inda muke nan muke, in na sake haɗawa sai in ga mun ɗan haura. Shi ya ce kada ma in haɗa, ai yanzu gida biyu ne.

Na tambaya miki. Gary yana gidansa da matarsa, yana ma ƙarin awoyi a wajen aiki.

Ishtiaq yana zuwa ranar Lahadi. Ba ya kwana, wai an ce masa ko buroshin haƙori aka gani nasa a gidan, magana ta lalace. Ƙwanƙwasa ƙofa yake yi. Makon jiya da na ji bugun, sai na tsinci kaina na ja mayafi na rufe kaina kafin in buɗe. Shi ma a bakin kujera ya zauna, na ba shi gurasa, ya ce roti ya yi daɗi, na gode. Yaushe ya taɓa yi mini godiyar roti?

A wajen karatunmu na mata kuma labari ya gama gari. Dattijuwar nan Khala Zarina ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na gama idda. Na ce wace idda, Khala, aurena yana nan. Ta shafa bayana ta ce haka ake ji da farko. Na kasa ba ta bayani, domin bayanin ya fi jita-jitar muni. Na aika wa liman tambaya ta hannun matarsa. Ya ce in dai miji bai furta ba, bai kuma yi niyya ba, aure yana nan daram. Sai ya ƙara da cewa, to mece ce niyyar tasa? A da zan amsa ban ko numfasa ba.

Na kai masa miyar waken dal ranar Laraba, karo na farko da na hau ɗakin. Warin roba ko'ina, amma ya share tsaf. Ya sayi butar shayi da ƙaramar talabijin, abokansa suna zuwa kallon wasan kurket. Ya sa labule, shuɗi, shi ya zaɓa da kansa. Ya yi ƙiba kaɗan. Na ce, "Baban Mehwish, yaushe za ka dawo?"

Ya ce, "Ke ba ki ga gidan ya yi ɗumi ba?"

Ban san ko amsa ce ko tambaya ba. Ni ce na ce a yi da gaske, ga shi an yi.

Wassalam, ƙanwarki,
Nusrat

Glasgow, watan Fabrairu

Nusi, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Yau ba zan yi miki tsiya ba.

Shekara nawa kina roƙon mutumin nan ya ɗaura miki sandar labulen kicin? Namijin da ya shiga shago ya zaɓi launi ba baƙo ba ne a ɗakin. Ba na zaton yana da wata, ba na zaton ma ya daina son ki. Ya samu wurin da babu mai tari, babu takardar gas a ƙarƙashin ƙofa, ya kuma samu hujjar cewa don ku yake yi. Shi kansa ya yarda da hujjar, shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro.

Liaqat ya ce zai kira shi, na hana. In maza suka shiga, lissafi za su sake bugawa.

Ban san me zan ce ki yi ba. In ya dawo, sanyi zai dawo tare da shi, wannan kam babu shakka. Ke za ki zaɓa, amma kada ki jira bazara, domin lokacin ɗakin nasa zai fi daɗi.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Yayarki,
Tasleem

Dewsbury, ranar Alhamis

Baban Mehwish,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, ya aiki? Yara suna gaishe ka.

Yau na je ofishin tallafi na ce musu ka dawo gida. Matar ta taya ni murna, ta rubuta. Daga wannan watan za a rage kuɗin, na riga na rage hita.

Ka san halina. Na yi ƙarya, tana nan a wuyana, na yi istigfari amma ba ta sauka ba, don tuba ba ta cika sai an gyara. Gyaran kuma iri biyu ne: ko in koma in ce musu ƙarya na yi, ko kai ka mayar da ita gaskiya.

Kada ka tambaye ni ko za mu fi samu. Ban sani ba, na daina bugawa.

Ranar Litinin ina tashi aiki da wuri. In ban gan ka ba kafin nan, zan koma in faɗa musu.

Ka huta lafiya.

Matarka, in har yanzu haka ne,
Nusrat