Ba'amurken da ya hana ni barci

Daren Alhamis, Hindawiyya

Yau ma barci ya ƙi zuwa. Laifin littafin nan ne da na tsinto a gwanjo, na wani Ba'amurke na zamanin da, wanda ya ajiye limancin coci don zuciyarsa ta daina yarda da abin da bakinsa ke faɗa. A ganinsa mutum ya dogara da kansa, kuma barin gida ba ya maganin damuwa, duk inda ka sauka ta riga ka isa.

Na fassara wa Inna Rabi, wadda nake wa ɗinki. Ita haifaffiyar nan ƙasa mai tsarki ce, Hausarta a gauraye take da Larabci. Ta ce, "Ya binti, shi mutumin nan an taɓa tare shi a hanya an ce ina iƙama? Halas, yalla, ƙarasa min hannun abayar nan."

Na yi dariya, amma da la'asar sai ga ni a ƙarƙashin gada, inda mutanenmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ke shimfiɗa kwali suna jiran a kama su a mai da su gida kyauta. Na daɗe a tsaye, ni da na koyar da Turanci a Funtuwa, na zo umara na maƙale. Wata mata ta matsa, ta ba ni gefen kwalinta. Ban zauna ba, ban kuma ce mata a'a ba.

Ba'amurken ya ce in saurari zuciyata. To, malam, na saurara. Tun magariba Funtuwa kawai take kira, alhali daga Funtuwar na gudo.