Yayen Labaran

Wudil, Maris 1975

Duk wanda ya buɗe takardar nan in ba Yelwa ba, ban yafe ba.

Ƙanwata Yelwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Darki, ya yara?

Jiya surukina Isyaku ya zo a sabon babur ɗinsa, yana sunkuyar da kai. A bakinsa na ji wai yarinyar nan tana wurinki da ƙaramin ciki, ga ɗanta Labaran wata takwas a baya. Kwanika ke nan, kuma ke aka fara kai wa.

Kada ki zaci ban gani ba. Ranar suna a gidan Dabo ta toshe hanci da aka buɗe daddawa, tana ta tofar da yawu, da hantsi ta ɓingire da barci. Na yi shiru don 'yar fari ce. Na ba ki riƙonta, ban ba ki haihuwarta ba. An ce ke za ki yaye Labaran. Da izinin wa?

Yayarki,
Fatsuma

Yaya,

Gaisuwa da ladabi. Kowa lafiya.

Hansai ba ta ɓoye miki ba, ita ma ba ta sani ba. Tun da ta haihu ba ta ga al'ada ba, ta ɗauka shayarwa ce. Da amai ya matsa na kai ta asibiti aka auna fitsari. Wata maƙwabciya ta kawo mata jiƙo, na zubar. Ungozoma ta ce kada a cire Labaran daga nono rana ɗaya, a fara haɗa masa da koko.

Na ce ta zo gare ki. Tana kuka ta ce, "Goggo, matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ta ina zan fara?"

Ki huta lafiya.
Yelwa

Hansai,

Ina gaishe ki. Dubi saman takardar nan da kyau, sunanki ne, da hannuna na rubuta shi.

Cikin aure ba abin kunya ba ne, sakaci ne naku ke da Isyaku, kuma zai ji daga gare ni. Kada ki sha komai sai abin da asibiti suka ba ki. Ranar Juma'a ki taho. Goggonki ta yi nata, Allah ya saka mata, amma a ɗakina za a yaye Labaran.

Daga yau na ajiye kunyar 'yar fari. Duk 'yar gidan nan da ta ji jikinta ya sauya, ni za ta fara gaya wa, kafin Darki.

Mahaifiyarki